Ban Ruwan Ƙarfe: Abin da Ke Sa Lauje Ya Daɗe

Da zarar shinkafa ta nuna a fadamar Rima, daga Gwadangaji har Argungu, sai kasuwar maƙera ta buɗe. Manoma biyu za su sayi lauje rana ɗaya. Na wani ya ga kaka uku, na wani ya dakushe ko ya ɓalle kafin a gama yanka. Bambancin yana wurin wuta da ruwa.

Tun daga zaɓen ƙarfe ake farawa. Abin da ke sa ƙarfe ya karɓi tauri shi ne sinadarin kabon da ke cikinsa. Sifirin ɗin mota yana da kusan kashi 0.6 cikin 100, shi ya sa maƙera ke rububinsa don gatari da adda. Ƙarfen da kabon ya yi masa ƙaranci, kamar na ƙusa, ko sau nawa aka tsoma shi a ruwa ba zai yi kaifi mai ɗorewa ba.

Bayan an gama ƙira da masaba, sai a mayar da bakin cikin gawayin ƙirya, a zuga har ya yi jajawur, wajen digiri 800 a ma'aunin salshiyos. Akwai gwaji mai sauƙi: daga digiri 770 mayen ƙarfe ba ya kama shi. Idan aka kai nan, sai a ƙara zugi kaɗan, a ɗauko da awartaki a tsoma a ruwa ko mai nan take. Sanyin gaggawa yana ƙulle kabon a cikin ƙarfen, ya yi tauri har magagari ya riƙa zamewa a kansa. Ruwa ya fi saurin sanyayawa, amma yakan tsaga siririn baki. Mai ya fi lallaɓawa.

A wannan hali ƙarfen ya yi tsauri fiye da kima, yana iya fashewa kamar tangaran. Dole a goge shi ya yi haske, a sake ɗumama shi a hankali ana kallon launi. Ruwan ɗorawa, wajen digiri 230, ya dace da wuƙa da aska. Shunayya, wajen 280, na gatari ne mai shan duka. Shuɗi, wajen 300, na abin da ake so ya lanƙwasa ya dawo. Wannan mataki ne gaggawar kaka ke sa a tsallake, kuma yawancin karyewa daga nan take tasowa.

In kuwa laushi ake nema don huda ko gyara, sai a gasa ƙarfen a binne cikin toka ya huce da kansa.

Ilimin da ake koyarwa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi da wanda maƙeri ya gada tushensu ɗaya. Ya kamata malamai su kai ma'aunin zafi maƙera, maƙera kuma su buɗe wa ɗalibai ƙofa. Kai kuma manomi, kafin ka biya kuɗin lauje, tambayi irin ƙarfen da yadda aka ba shi ruwa.