Oksitosin: Babban Aikinsa a Ɗakin Haihuwa Yake

Duk macen da ta taɓa shayarwa ta san wannan: jariri ya tsala kuka, tun ba ta ɗauke shi ba sai ta ji nono ya kawo. A kwanakin farko na jego kuwa, da zarar ya kama tsotso sai mara ta riƙa murɗawa. Abu guda ne ke haddasa duka biyun, wato wani sinadari da jiki ke haɗawa da kansa, mai suna oksitosin.

A can ƙasan ƙwaƙwalwa ake haɗa shi, sannan a tara shi a wani ɗan ƙullutu mai girman ƙwayar wake, daga nan yake shiga jini. Idan naƙuda ta kankama, kan jariri ya danno bakin mahaifa, sai jijiyoyi su kai saƙo ƙwaƙwalwa, ita kuma ta sako oksitosin. Mahaifa ta matse, matsewar ta ƙara turo kan, saƙo ya sake komawa. Haka abin zai yi ta hauhawa har a sauka. Bayan mabiyiya ta faɗo, oksitosin ne dai zai sa mahaifa ta dunƙule ta toshe jijiyoyin jinin da suka buɗe.

Wani masani ɗan Ingila, Henry Dale, shi ya fara lura da haka a 1906, lokacin da ya ga ruwan wancan ƙullutu yana matse mahaifar kyanwa. A 1953 Vincent du Vigneaud na Amurka ya gano tsarin sinadarin, ya kuma haɗa irinsa a ɗakin gwaji, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1955.

Amma ba wannan ne ya sa sunan oksitosin ya karaɗe jaridu ba. Bincike kan wasu ɓerayen daji na Amurka, waɗanda namiji da mace ke zaman aure na dindindin, ya nuna oksitosin na da hannu a shaƙuwarsu. Sai kuma a 2005 masana a Zurik ta ƙasar Suwizalan suka fesa shi a hancin wasu ɗalibai, suka ba da rahoton cewa ɗaliban sun fi yarda su damƙa wa baƙo kuɗinsu. Nan take aka yi masa laƙabi da sinadarin soyayya, 'yan kasuwa kuma, da yake ba sa barin ta kwana, suka fara sayar da shi a kwalba.

Zancen bai tsaya da ƙafarsa ba. An maimaita gwajin amanar a 2020 da mutane sama da 600, ba a ga wancan tasiri ba. Wani bincike a Amstadam ya nuna sinadarin kan sa mutum ya fifita nasa a kan bare, wanda ya fi kusa da son kai fiye da soyayya. A 2023 ma masana a Kalifoniya sun samar da irin ɓerayen nan waɗanda jikinsu ba ya amsa oksitosin kwata-kwata, amma suka yi zaman aurensu, suka haihu, suka yi reno. A ganina, wanda ya ce ƙauna tana cikin kwalba ya yi wa ilimi ƙarin gishiri.

Inda babu ja-in-ja shi ne ɗakin haihuwa. Zubar jini bayan haihuwa na kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata masu haihuwa a duniya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowace mace allurar oksitosin da zarar jariri ya fito. A 2023 an fitar da sakamakon wani gagarumin bincike a asibitoci 80 na Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano take cikin jagororinsa. An riƙa auna jinin da ke zuba da wata leda mai awo, idan ya wuce kima a haɗa tausar mahaifa, oksitosin, maganin tsayar da jini da ƙarin ruwa lokaci guda. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari.

Sai dai allurar ba ta son zafi. A firji ake ajiye ta, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma kowa ya san halin wutarmu da zafin bazararmu. Wani bincike da aka yi tare da hukumar NAFDAC ya gano kusan kashi uku cikin huɗu na samfuran da aka gwada a Nijeriya ba su kai inganci ba. Shi ya sa ake kallon wani ɗan'uwan oksitosin mai jure zafi, kabetosin, da aka gwada a ƙasashe goma har da Nijeriya, aka fitar da sakamakon a 2018.

Mafi muni shi ne abin da ake kira allurar naƙuda. Idan aka ɗirka wa mace oksitosin tun jariri na ciki, ba tare da awo da sa idon ƙwararru ba, mahaifa na iya matsewa har numfashin ɗa ya yanke, ko ita kanta ta fashe. A asibiti ta cikin ƙarin ruwa ake ɗiga shi kaɗan-kaɗan, ana sauraren bugun zuciyar jariri.

Don haka maigida, da ke uwar miji, da ke ungozoma: idan naƙuda ta yi tsawo, kada a aika kemis sayen allura. A nemi mota a tafi asibiti.