SO BAYAN YAƘI: DAGA DUNIYAR TAURARI ZUWA ƘOFAR GIDANMU

 A wannan fitowa na ajiye labarin da muka saba, na zo muku da wani batu da ya daɗe yana ci mini rai. Na san da wata ta ga kanun maganar za ta ce, yau kuma marubuciyarmu aljanu ne suka shafe ta, ina ruwan 'yar Magami da taurari? To ki yi haƙuri 'yar uwa, ki gyara zama, in kin bi ni a sannu za ki ga ashe maganar gida ce.

Ina da wata aminiya da muka tashi tare tun muna wasan 'yar tsana, ba zan kama sunanta ba don ban nemi izininta ba. Akwai wani saurayi da ya daɗe yana sonta, Bafulatani ne, mahaifiyarsa ce ke kawo mana nono tun muna ƙanana, har in yamma ta yi mata takan kwana a ɗakin kakar aminiyar tawa. Ɓarayin daji sun kore shanun mahaifinsa kaf a dare ɗaya, suka tashi daga ruga suka koma Gusau, shi kuma ya koyi ɗinki har ya buɗe shago. Yaro ne mai kunya, ko ido ba ya iya haɗawa da manya. Amma kafin ya turo magabatansa, sai 'yan bindiga suka tare hanyar Gusau zuwa Ɗansadau, yayan aminiyata yana cikin waɗanda ba su dawo gida da rai ba.

Bayan an yi arba'in da wasu watanni aka tada maganar aure. Wallahi ina tsakar gidan na ji muryar Baba daga zaure yana cewa, "Mi? In ba Bahillace ɗiyata? Ba da raina ba!" Ita kuwa ta shige ɗaki ta kifa kai a kan cinyata tana kuka marar sauti, ta ce da ni, "Ke da kike rubuta littafi, gaya mini, shi mi ya yi?" Na rasa amsar da zan ba ta. Baba yana da gaskiyar zafinsa, ɗa ya rasa. Shi ma yaron yana da tasa, domin waɗanda suka kashe mata wa su ne irin waɗanda suka talauta ubansa.

Na ɗauki biro in rubuta labarin, amma duk shafin da na cika sai in yage. In na ce Bahaushe, wani zai ce na zagi danginsa, in na ce Bafulatani, wani zai ce ina goyon bayan ɓarayi. Ina cikin wannan hali ne yayana ya dawo hutu daga makaranta, ya ga tarin takardun da na yayyage, ya yi dariya ya ce, "Ke dai ba ki da dabara. Ki kwashe su duka ki kai su sama jannati mana, can babu wanda zai ce da kakansa kike." Daga nan ya tura mini wani tsohon fim a waya, ya kuma ara mini wani littafin Turanci wanda sai da na haɗa da ƙamus kafin na kai ƙarshensa.

Shi irin wannan rubutu ana kiransa ƙagaggen labarin kimiyya. Bambancinsa da tatsuniya shi ne, a tatsuniya Gizo yana hawa sama ne da dabo, a nan kuwa sai marubuci ya nemo hanyar da ilmi zai iya yarda da ita, kamar kumbo da na'ura da lissafi. Kada ki ɗauka Turawa kaɗai ke yinsa. A shekarar 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga littafin Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauki yaro Kilba ya yi yawo da shi a sararin samaniya. Ku tambayi iyayenku, da yawansu sun karanta shi a makaranta.

Fim ɗin da yayana ya ba ni sunansa Enemy Mine, ya fito a 1985, an ɗauko shi ne daga labarin da wani Ba'amurke, Barry Longyear, ya buga a 1979. Yaƙi ne ake gwabzawa tsakanin 'yan Adam da wasu halittu da ake kira Drac, masu fata kamar ta ƙadangare da yatsu uku. Matuƙan jiragen yaƙi biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, suka harbo juna suka faɗo a wata duniya marar mutane. Da farko kowa neman ran ɗan uwansa yake, amma sanyi da yunwa suka tilasta musu zama a bukka ɗaya. Sannu a hankali kowa ya koyi harshen ɗaya, har mutumin ya koyi karanta littafin da su Drac ke girmamawa. Su kuma a halittarsu babu mace babu namiji, kowa yana iya haihuwa. Sai wannan Drac ɗin ya haihu ya mutu, ya bar wa abokin gabarsa amanar jariri, da alƙawarin zai kai shi gida ya karanto sunayen kakanninsa a gaban manyan ƙasarsu, domin a wurinsu wanda ba a karanto asalinsa ba, ba a lissafa shi cikin dangi.

'Yar uwa, na yi kuka a wurin nan har ƙanwata tana yi mini dariya wai ina kuka saboda ƙadangare. Abin da ya fi taɓa ni yana cikin rubutaccen labarin. Bayan an ajiye makamai mutumin ya koma cikin 'yan uwansa, sai suka riƙa kallonsa a matsayin maci amana saboda ya so ɗan abokan gaba, shi ma yaron a can ƙasarsu aka ɗauke shi mai taɓin hankali saboda yana son ɗan Adam. Ka ji fa! An daina harbi, amma ƙiyayya tana nan daram a zukata.

Littafin kuwa wata mata ce ta rubuta shi, Lois McMaster Bujold, sunansa Shards of Honor, ya fito a 1986, kuma shi soyayya ce irin wadda muke so. Jarumar, Cordelia, shugabar masu bincike ce daga wata duniya mai suna Beta. Jarumin, Aral Vorkosigan, babban soja ne na duniyar Barrayar, wanda mutane ke yi wa laƙabi da mahaucin Komarr saboda wani kisan gilla da aka jingina masa alhali ba shi ya ba da umarni ba. Ya kama ta a matsayin fursuna, suka yi tafiyar kwanaki a ƙafa cikin daji, a nan ta ga halinsa da idonta, ta ga mutum ne mai cika alƙawari. Da yaƙi ya ƙare ta koma gida, mutanenta suka tarbe ta da murna, amma da ta ce mutumin nan ba yadda kuke zato yake ba, sai suka ce ai juya mata ƙwaƙwalwa aka yi, suka haɗa ta da likitocin hankali. A ƙarshe gudu ta yi ta je ta aure shi.

Da na zo nan sai na ajiye littafin na riƙe baki. Ashe ko'ina haka ne! Mu a nan ba likita za a kira ba, cewa za a yi ya yi mata asiri, a shiga neman rubutu da hayaƙi. Aminiyata ma sai da gwaggonta ta ce, "Wannan ɗiya an gama da ita, Hillani ai sun san itace." Babu wanda ya tsaya ya tambaye ta abin da ta gani a yaron.

To me ya sa marubutan nan suke wahalar da kansu da zuwa wata duniya? Ni dai abin da na fahimta, dabara ce irin ta kakanninmu. Tsohuwa ba ta cewa kawunka makwaɗaici ne, sai ta ce Kura. In aka ce miki Drac, ba ki da ɗan uwan da Drac ya kashe, saboda haka zuciyarki a buɗe take, za ki yi hukunci da adalci. Sai kin gama tausaya masa sannan ki farga ashe maƙwabcinki ake nufi. A Amurka, inda sai a 1967 kotun ƙoli ta soke dokokin da suka hana aure tsakanin baƙi da farare a wasu jihohi, shirin talabijin na Star Trek ya sa mace baƙar fata, Nichelle Nichols, cikin manyan jami'an kumbo tun daga 1966. Kusa da mu kuma akwai Nnedi Okorafor, wadda iyayenta Ibo ne 'yan Nijeriya. A littafinta Binti na 2015, yarinya ce 'yar ƙabilar Himba ta kama hanyar jami'a a wata duniya, abokan gaba suka kashe duk ɗaliban da ke jirgin sai ita, kuma ita ɗin ce ta zama mai sulhu.

Mu ma dai maganar ba baƙuwa ba ce a adabinmu. So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, wadda ta daɗe da zama a nan Gusau, ya fito a 1980, kuma shi ne ake lissafawa littafin ƙagaggen labari na farko da mace ta buga da Hausa. Mene ne a cikinsa? Boɗaɗo, 'yar Fulani, ta ce sai Yasir wanda ba Bafulatani ba, dangi suka ce ba su san zance ba. Kin ga a can Fulani ne ke ƙi, yau a garinmu su ake ƙi. Shi ƙyamar bare ba shi da ƙabila, duk gidan da ya samu ƙofa a buɗe shiga yake.

Ba ina cewa tsoron da iyayenmu ke ji na banza ba ne. Wanda ya ga abin da ya faru a 'Yar Galadima a 2014, ko ya tuna daren 26 ga Fabrairu 2021 da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, ba za a ce masa kada ya ji tsoro ba. Ni kaina ban manta watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara, muka koma rubuta wasiƙa muna ba direbobi. Masana sun ce saƙo daga duniyar Mars yana isowa nan cikin minti 3 zuwa 22, mu kuwa tsakanin Magami da Gusau sai wasiƙa ta kwana biyu. Amma gaskiya ɗaya ce. Akwai Fulanin da aka sace wa shanu aka yi garkuwa da 'ya'yansu, akwai waɗanda 'yan sa-kai suka kashe a kasuwa ba tare da an kai su gaban alƙali ba, kuma cikin masu kai wa ɓarayi rahoto da man fetur akwai Hausawa 'yan gari. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, amma ba a ƙone rumbu saboda shi.

Yanzu bari in ƙarasa muku labarin aminiyata. Ran nan na je gidansu na ba su labarin fim ɗin nan a tsakar gida, kakarta tana gefe tana kaɗi kamar ba ta saurare. Da na zo wurin karanto sunayen kakanni sai tsohuwa ta ajiye mazari ta ce, "Ku kira mini ubanku." Da ya zo ya durƙusa, ta ce, "Lissafa mini kakanninka." Ya fara, ya kawo uku ya tsaya. Ta ce, "Ta huɗun fa, wadda ta haifi ubana? Daga ruga aka ɗauko ta, da ƙwaryarta da shanunta biyu. In jinin Hillani ne ba ka so, sai ka fara zubar da naka." Tsakar gida ta yi tsit, ko tari babu mai yi. Baba ya daɗe kansa a sunkuye, sannan ya tashi ya fita bai ce uffan ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce an ɗaura aure ba, wannan ba littafi ba ne da zan rufe shi yadda nake so. Har yau Baba bai ce ya yarda ba. Abin da dai ya canza, ya tura ƙaninsa Gusau ya binciko halin yaron a wurin maƙwabtan shagonsa da limamin unguwarsu, ya kuma daina tashi daga zaure in an ambaci sunansa. Aminiyata ta ce ita wannan ma ya ishe ta a yanzu, za ta jira.

Shawarata gare ku ƙannena, kada wata ta ce za ta yi irin ta Cordelia ta tsallake katanga, nan ba duniyar Beta ba ce, kuma auren da babu albarkar iyaye ba ya daɗi. Bincike haƙƙinsu ne, ki bar su su yi. Abin da za ki roƙa kawai a binciki mutumin da kansa, sana'arsa da abokansa da riƙon amanarsa, kada a tsaya a kan sunan ƙabilarsa. Ke ma ki kula da bakinki a aji. Yarinyar nan da ta zo daga ruga ko daga sansanin gudun hijira, wadda kuke yi wa dariya kuna kiranta 'yar ɓarayi, wataƙila ta rasa fiye da abin da kika rasa.

Ni kuwa na koma kan littafina, na kwashe mutanena na kai su sama kamar yadda yayana ya ce. Jarumata manomiya ce a wata duniya mai jar ƙasa, jarumin kuma daga mutanen da ke yawo da dabbobinsu tsakanin taurari yake, yaƙi ya ƙare amma kowane gida da kabarinsa. Na kai babi na tara, na tsaya a inda uban yarinya ya ce ba da ransa ba. Ku rubuto mini ta hannun edita ku gaya mini, in ke ce jarumar, me za ki ce wa mahaifinki?

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum, daga Magami.