Ɗan yankin tsoka da neman maganin ciwon daji

A cikin marar kowace mace akwai wasu ƴan gaɓoɓi guda biyu, ɗaya a daman mahaifa, ɗaya a hagunta. Girman kowace bai wuce na dabino ɗaya ba. A cikinsu ƙwan haihuwa yake, shi ya sa ake ce musu ma'ajiyar ƙwai.

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ido ba ya ganinsu, sai da madubin likita mai ƙara girman abu. Ƙwayoyin nan suna rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. In sun isa sai su tsaya. Amma wani lokaci wasu sukan ƙi tsayawa. Su yi ta yawa har su dunƙule su zama ƙari, su danne masu lafiya. Wannan shi ne ciwon daji, wanda ake kuma ce ma sankara. Ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa wurin wani.

Ciwon dajin ma'ajiyar ƙwai yana da ɓoyo. Ya fi kama matan da suka wuce shekara 50. Alamunsa su ne kumburin ciki, da saurin ƙoshi, da yawan fitsari, da ciwon mara. Mace takan ce abinci ne bai karɓe ta ba. Sau da yawa, kafin ta je gidan likita ciwon ya bazu cikin ciki.

Likita yakan yi fiɗa ya cire ƙarin, sannan a ba ta magani ta jijiya. Ɗaya daga cikin magungunan sunansa cisplatin, an fara aiki da shi a Amurka a 1978. Wani kuma, taxol, daga ɓawon wani itace aka samo shi, aka yarda da shi a 1992. Da farko sukan yi aiki ƙwarai. Amma ga mata da yawa ciwon yakan komo, kamar ƙuduji a gonar hatsi. Ƴan ƙwayoyin da suka tsira sun saba da maganin, ba ya kashe su kuma.

To, ta yaya za a nemi sabon magani? Ba a gwada abin da ba a sani ba a jikin mutum haka kawai. Nan ne ɗan yankin tsoka yake da amfani.

Kafin fiɗa, ana tambayar maras lafiya ko ta yarda a ajiye wani yanki na ƙarin don bincike. Tana da ikon ƙi, kuma ko ta ƙi za a yi mata magani yadda ya kamata. Da ba haka ake yi ba. A 1951, a birnin Baltimo na Amurka, an ɗebi ƙwayoyin wata mata mai suna Henrietta Lacks, mai ciwon dajin bakin mahaifa, ba tare da saninta ba. Har yau ana aiki da su. Wannan ba daidai ba ne, kuma yanzu sai da izini.

In ta yarda, sai a cire sunanta a sa lamba. Yankin kuwa a kasa shi. Kashi ɗaya a yanka shi siriri a duba da madubi. Kashi ɗaya a daskarar da shi cikin sanyi mai tsanani, har digiri 196 ƙasa da sifiri, inda zai yi shekaru bai lalace ba. Kashi ɗaya a bar shi da rai. Ana kuma ɗibar jininta, da ruwan da ciwon yake tarawa cikin ciki.

A cikin kowace ƙwaya akwai wani irin rubutu na gado, mai gaya mata abin da za ta yi. A 2011 masana a Amurka sun ba da sakamakon binciken ƙarin mata 489. Sun karanta rubutun 316 daga ciki. A cikin kowane 100, sai suka ga 96 suna da kuskure wuri guda, wurin da ake kira TP53. Aikinsa shi ne tsai da ƙwayar da ta lalace, kamar mai gadi. Wajen ɗaya cikin biyar kuma suna da kuskure a BRCA1 ko BRCA2, masu gyaran rubutun in ya tsinke. Irin wannan ƙwaya ta rasa magini ɗaya, da sauran ɗaya take lallaɓawa. Maganin olaparib, da aka yarda da shi a 2014, wannan na biyun yake ɗaurewa. Sai ƙwayar ciwo ta rushe, masu lafiya kuwa su tsira.

Kashin da aka bari da rai shi ya fi ban mamaki. A 2019, a birnin Utrecht na ƙasar Holan, masana sun shuka ƙwayoyin mata 32 cikin wani abu mai kauri kamar ƙaro. Suka sa su cikin akwati mai ɗumin jiki, digiri 37. Ƙwayoyin suka tsiro, suka zama ƴan dunƙule ƙanana masu halin ƙarin da suka fito. Ana rarraba irin waɗannan cikin faranti mai ramuka da yawa kamar gurbin dara. Kowane rami a ɗiga masa magani dabam. Bayan ƴan kwanaki a duba inda suka mutu da inda suka rayu. Haka malaman gona na Tarna, kusa da Maraɗi, suke gwada iri cikin ƴan fegi kafin a ba manoma.

Abin da ya kashe ƙwayoyin wannan mace, wani lokaci bai taɓa na waccan ba. Sunan ciwon ɗaya ne, hali kuwa kowane da nasa.

Aikin yana da wuya. Ba kowane yanki yake tsirowa ba, wanda ya tsiro ma sai an jira makonni. Ɗan dunƙulen ba shi da jijiyoyin jini irin na jiki, don haka magani yakan ci a faranti ya kasa a jikin mutum. Sabon magani yakan yi shekara goma ko fiye kafin ya isa gidan likita. Galibi matar da ta ba da yankin ba ita za ta ci moriyarsa ba, sai na bayanta. Yawancin yankunan da aka bincika kuwa na Turawa ne. Na matan Afirka kaɗan ne ƙwarai a cikin akwatunan sanyin nan.