GIDAN WAYA KO KAMFANI: WA ZA A BA TAKARDAR NEMAN ZAMA ƊAN ƘASA?

A ƙauyukan da ke gindin dutsen Kufena da kewayen birnin Zariya akwai matan aure da aka auro daga Maraɗi ko Damagaram ko Tawa a Jamhuriyar Nijar. Wata ta yi shekara ashirin a ɗakinta, ta haihu har ta aurar. Ga 'yan gari ita 'yar gida ce, amma ga doka tana nan a matsayin baƙuwa har sai ta nemi takardar zama 'yar ƙasa. Takan gane haka ne ranar da ta tashi neman fasfo na Nijeriya don zuwa aikin Hajji.

Neman wannan takarda yana buƙatar tara shaidu, wani lokaci kuma a aika da su ofis mai nisa. A nan ne mutane da yawa kan yi kuskure. Sai su wahala wajen tara takardu, sa'an nan su miƙa su ga hanyar da ba ta da tabbas.

WA YA KAMATA YA NEMA?

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya faɗi hanya uku ta zama ɗan ƙasa. Ta farko ita ce haihuwa. Yaron da ubansa ko uwarsa 'yan Nijeriya ne, shi ma ɗan Nijeriya ne, ko da a waje aka haife shi. Saboda haka 'ya'yan matar da aka auro daga Nijar ba su buƙatar neman komai, tunda ubansu ɗan ƙasa ne.

Ta biyu ita ce rajista, wadda sashi na 26 ya yi bayaninta. Ita ce hanyar macen da ta auri ɗan Nijeriya. Ana so ta kasance mai halin kirki, ta nuna niyyar zama a ƙasar, ta kuma yi rantsuwar biyayya.

Ta uku tana cikin sashi na 27. Ita ce hanyar baƙon da ya daɗe a ƙasar. Sai ya yi shekara 15 yana zaune, kuma Gwamnan jiharsa ya gamsu cewa jama'ar wurin sun karɓe shi. Namiji baƙo da ya auri 'yar Nijeriya ta wannan hanya yake bi.

Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida da ke Abuja ita ce ke duba waɗannan buƙatu, Shugaban Ƙasa kuma shi ke amincewa. A yau ana fara cika fom ne ta shafin ma'aikatar na intanet. Don haka kafin mutum ya sayi ambulan, ya fara tambaya: wace takarda ake so a aika, kuma wane ofis? Matambayi ba ya ɓata.

HANYOYI HUƊU NA AIKA SAƘO

Hanya ta farko ita ce wasiƙar kan sarki. Mutum ya sayi kan sarki a gidan waya, ya liƙa a ambulan, ya jefa a akwati. An sa masa wannan suna ne domin a zamanin Turawa hoton kan Sarkin Ingila ne a jikinsa. Wannan hanya ita ce mafi araha. Amma ba a ba da rasit, ba a rubuta lamba, wanda ya karɓa kuma ba ya sa hannu. In wasiƙar ta ɓace, babu inda za a fara nema. Ta dace da gaisuwa da labarin gida, ba ta dace da takardar shaida ba.

Hanya ta biyu ita ce wasiƙar rajista, a gidan wayar dai. Ana ƙara kuɗi kaɗan. Ma'aikaci zai rubuta wasiƙar a littafi, ya ba ta lamba, ya ba mai aikawa rasit. A can kuma ba a miƙa ta sai mai karɓa ya sa hannu. Ba lalle ta fi ta farko sauri ba, amma tana barin sawu.

Hanya ta uku ita ce ta masu kai saƙon gaggawa. Hukumar gidan waya ta Nijeriya, wato NIPOST, wadda aka kafa a 1985 bayan an raba aikin wasiƙu da na tarho, tana da irin wannan sashi mai suna EMS. Akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu irin su DHL. Su sukan auna nauyin ambulan, su duba nisan tafiya, sa'an nan su yanka kuɗi. Kuɗinsu ya fi na rajista nesa ba kusa ba. Amma sukan kai saƙo hannu da hannu cikin 'yan kwanaki, kuma da lambar da ke kan rasit ana iya bin sawun ambulan ta waya. Doka ta ce kamfanin kai saƙo sai ya sami lasisi daga NIPOST. Saboda haka kada a ba duk wanda ya kafa allo a bakin titi.

Hanya ta huɗu ita ce wadda aka fi sabawa da ita: a je tasha a ba direban motar Kaduna ko ta Abuja. Tana da sauri, kuma direbobi da yawa masu amana ne. Amma direba tasha yake tsayawa, ba ya shiga ofis. Sai an sami wani ya zo ya karɓa, shi kuma ya kai. In ambulan ya jiƙe ko ya salwanta, babu shaidar da ofis zai yarda da ita.

YADDA ZA A ZAƁA

Kada mutum ya fara da tambayar wacce ta fi araha. Ya fara tambayar kansa: in wannan ambulan ya ɓace, mene ne na rasa?

A ɗauki misalin matar da takardar haihuwarta daga Maraɗi take. In ta ɓace, sai an yi tafiya an ƙetare iyaka, an kwana, an bi ofisoshi kafin a sami wata. Kuɗin motar kaɗai ya ninka kuɗin kamfani sau da yawa. Ashe wanda ya tsaya rowar kuɗin aike bai yi tattali ba. Araha ba ta ado.

To ga ma'auni mai sauƙi. In kofe ne kawai a cikin ambulan, kuma ba a sa ranar rufewa ba, rajista ta wadatar. In akwai takardar asali, ko kuwa kwanaki sun ƙure, a bi ta EMS ko kamfani mai lasisi. In akwai ɗan'uwa mai amana da zai tafi ya miƙa da hannunsa, shi ma ya yi, muddin zai sa ma'aikacin ofis ya buga hatimi da kwanan wata a kan kofe ya dawo da shi.

A kuma lura da adireshi. In na akwatin gidan waya ne, gidan waya ke kai wa can. Kamfanoni kuwa sun fi son sunan titi da na gini da lambar waya.

KAFIN A RUFE AMBULAN

1. A yi fotokwafin kowace takarda kashi biyu, a ajiye kashi ɗaya a gida cikin leda, nesa da gara da ɗigon damina.

2. Kada a aika takardar asali, kamar ta aure ko fasfo, sai in ofis ya nema a rubuce.

3. A duba suna. In takarda ɗaya ta ce Hadiza, wata ta ce Khadija, a gyara tun kafin a aika.

4. Kada a sa tsabar kuɗi a ambulan. A biya ta hanyar da ma'aikata ta faɗa, a riƙe shaidar biya.

5. A rubuta adireshi da manyan baƙaƙe. A baya kuma a rubuta sunan mai aikawa da lambar wayarsa. Gidajen ƙauye ba su da lamba, don haka a haɗa da sunan makaranta ko na mai unguwa.

6. A adana rasit har sai an gama magana. In an yi mako biyu shiru, a koma da shi a tambaya.

Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya sami riba a nan. Shi zai karanta adireshinsa da kansa, ya duba lambar rasit da idonsa, ya sa hannu maimakon dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba tukuna, ya kai ambulan wurin malamin aji ya duba masa kafin ya nufi gidan waya.