Motocin Alfarma Masu Jan Taya Huɗu Da Masu Jan Baya: Wacce Ta Fi Bai Wa Ƙafar Direba Sarari?

Mai neman motar alfarma ƙirar salun, irin su Mercedes-Benz E-Class ko BMW 5 Series ko Lexus GS, yakan tarar da samfuri ɗaya a kashi biyu: mai jan tayoyin baya kaɗai, wadda ake rubuta wa RWD, da mai jan dukkan tayoyi huɗu, wato AWD. Daga waje kusan ba a bambance su sai da ɗan rubutun da ke jikin but, kamar 4MATIC ko xDrive. Kujerunsu iri ɗaya ne, kuma takardar kamfani takan ba su ma'aunin wurin miƙe ƙafa iri ɗaya. Duk da haka, akwai direbobin da ke kukan cewa mai jan taya huɗu tana takure musu ƙafar dama, musamman a doguwar tafiya. Dalilin yana ƙarƙashin kafet.

Abin da ke ƙarƙashin ƙafar direba

A motar da ke jan baya, ana ɗora inji ne a tsaye, daga gaba zuwa baya. Giyabos na manne a bayansa, yana kutsowa tsakanin ƙafafun direba da na wanda ke zaune a gefensa. Daga nan farfela ke ɗaukar ƙarfin zuwa tayoyin baya. Wannan ne ya sa ake ganin dogon tudu a tsakiyar motar. Tudun yana da faɗi, amma a tsakiya yake, kuma ya raba takurar daidai tsakanin ɓangarorin biyu.

Idan za a mayar da irin wannan mota mai jan taya huɗu, dole a ƙara abubuwa uku: akwatin raba ƙarfi a ƙarshen giyabos, ƙaramar farfela ta biyu da za ta koma gaba, da kuma giyar da ke raba juyi tsakanin tayoyin gaba biyu. Farfelar nan ba ta da hanya ta tsakiya, domin giyabos ya riga ya cike wurin. Tilas ta bi ta gefe guda, dama ko hagu. Duk gefen da ta bi, sai an buɗa ƙarfen daɓen motar domin a sama mata wuri, kuma wannan kumburi yakan faɗo daidai inda ƙafar mutum take. Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: ta wane gefe kamfanin ya bi da ita?

Lexus: tudu a gefen hagu

Lexus IS da GS masu jan taya huɗu su ne misalin da aka fi sani. Kumburin akwatin raba ƙarfinsu yana ɓangaren hagu. A Japan, inda sitiyari ke dama, fasinja ne ke zama a wannan gefe. A motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka kuwa, sitiyari na hagu, sai tudun ya faɗo ƙarƙashin sha-raɓar ƙafar dama ta direba, a gaban kujera. Masu sharhin motoci sun daɗe suna ambaton wannan a IS 250 da IS 350 da GS 350.

Ba kowa tudun ke damu ba. Dogon mutum da ke tura kujera baya sosai yakan miƙa ƙafarsa ta saman tudun. Wanda ke matso da kujera kusa da sitiyari, ko mai son janye ƙafa ya huta idan ya kunna na'urar riƙe gudu, shi ne ya fi jin sa. A gefen aiki kuwa, tsarin na Lexus yana aika kashi 30 na ƙarfi gaba, 70 baya, ya kuma iya komawa rabi da rabi idan hanya ta yi santsi.

Mercedes-Benz: takurar ta koma wa fasinja

Tun daga S-Class na 2006, Mercedes ta haɗe akwatin raba ƙarfi cikin jikin giyabos ɗinta mai giya bakwai, abin da ya rage girma da nauyi. Farfelar gaba tana bi ta dama ne, ana raba ƙarfi kashi 45 gaba, 55 baya. A mota mai sitiyarin hagu, direba ba ya rasa wani abin kirki, wanda ke gefensa ne wurin ƙafarsa ke ɗan tsukewa.

Girman matsalar ya bayyana a ƙasashen da sitiyari ke dama. Shekaru da dama kamfanin bai ƙera salun masu 4MATIC domin su ba, saboda kayan jan gaba sun tare wurin da na direba za su zauna. Lokacin da E63 AMG ta samu 4MATIC a 2013, masu saye a Birtaniya mai jan baya kawai aka kai musu. Sai a sabon E-Class da ya fito a 2016 aka warware wannan.

BMW da Audi

BMW ta fito da xDrive a 2003 a motocin X3 da X5, daga baya ta sa shi a salun. Domin kada a ɗaga inji sama, giyar gaba tana manne ne da kwanon baƙin mai, kuma sandar da ke juya ɗaya daga cikin tayoyin gaba tana ratsa ta cikin kwanon. Dabarar ta sa kayan suka matse waje ɗaya a ƙasa.

Audi kuwa hanyarta daban ce tun da ta fara quattro a 1980. A A6 da A8, injin yana gaban layin tayoyin gaba, giyar gaba kuma tana haɗe da giyabos. Ba a ƙera waɗannan motoci da jan baya zalla, don haka babu tagwayen da za a gwada. Faɗin da giyabos ya ci, ya ci shi ne a kowane samfuri.

Me ya sa takardar kamfani ba ta nuna bambancin?

Alƙaluman da ake bugawa a Amurka suna bin ƙa'idar SAE J1100. Ana auna tazara ne daga ƙugun mutum-mutumin gwaji zuwa idon sawun ƙafar da ke kan totur, sannan a ƙara inci 10. Wato tsawo ake aunawa. Ba a auna faɗin wurin, ko tudun da ke ƙasa, ko inda gwiwa ke jingina. Shi ya sa Lexus IS ta 2014 ke ɗauke da inci 44.8, kimanin santimita 114, ko mai jan baya ce ko mai jan taya huɗu, alhali zaman cikinsu ba ɗaya ba ne.

Takura kaɗan tana taruwa. Idan tudu ya sa mutum karkatar da ƙafa ko ƙugu na tsawon sa'o'i, gajiyar takan bayyana a gwiwa da ƙasan baya.

Motocin lantarki

A mota kamar Tesla Model S mai inji biyu ko Mercedes EQS 4MATIC, kowane layin tayoyi da injinsa, babu farfelar da ta haɗa gaba da baya. Ƙara jan gaba ba ya cin wurin ƙafa. Sai dai batirin da ke shimfiɗe a ƙasa yana ɗaga daɓen motar, abin da na kujerar baya suka fi ji, domin gwiwoyinsu na ɗaguwa.

Abin da ya kamata mai saye ya duba

Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, haka ma Nijar sitiyarin hagu ake amfani da shi. Da yawan motocin tokumbo daga Amurka da Kanada suke zuwa, inda ake sayen AWD saboda ƙanƙara. Ma'ana, mai sayen Lexus mai jan taya huɗu a Kano ko Abuja zai gamu da tudun a gefensa, mai sayen Mercedes kuwa fasinjansa ne zai ji.

Kafin a biya kuɗi, ya dace a daidaita kujera yadda gwiwa za ta kasance a ɗan lanƙwashe ko an take birki har ƙasa, ƙirji kuma ya yi nisan aƙalla santimita 25 daga sitiyari. Sannan a tuƙa motar kamar minti 20, da takalmin da aka saba sawa, a gwada janye ƙafar dama baya, a lura da inda gwiwa ke taɓa tudun tsakiya, a kuma duba ko matakin hutun ƙafar hagu ya isa. Idan dillali yana da mai jan baya ta samfurin, a shiga ita ma nan take domin a kwatanta.

Jan taya huɗu yana da amfani a damina da kan hanya mai yashi, amma yana ƙara nauyi da shan mai, yana buƙatar tayoyi huɗu masu girma da cin jiki iri ɗaya, kuma ba ya mayar da salun motar jeji. Wanda yawancin tafiyarsa kan kwalta ce, kuma yake daɗewa a kan sitiyari, mai jan baya ta fi ba shi sararin ƙafa da sauƙin gyara.