Yaya Ake Auna Nauyin Baƙunci? Darasi Daga Unguwar Bolori

Duk wanda ya bi hanyar Baga cikin birnin Maiduguri, ya ratsa unguwar Bolori, zai tarar da gidaje da yawa waɗanda suka cika maƙil da baƙi tun shekarar 2014. A shekarar nan ce 'yan Boko Haram suka kama Gwoza cikin watan Agusta, da Bama cikin Satumba, sa'an nan Baga cikin Janairun 2015. Jama'a suka kwararo birni, kuma mafi yawansu ba su shiga sansani ba, sun sauka ne wajen dangi ko kuwa sun kama haya.

Ƙidayar kawunansu ba ta gagara ba, domin Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta fara wannan aiki tun ƙarshen 2014. Abin da ya fi wuya shi ne auna nauyin da ke zuciyar mutumin da ya bar garinsu, ya shiga zaman da bai saba ba.

Wani masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Kanada, John Berry, ya daɗe yana nazarin wannan nauyi tun wajen 1970. Ya nuna cewa baƙo yakan bi ɗayan hanyoyi huɗu: ya riƙe al'adarsa ya kuma cuɗanya da 'yan gari, ko ya saki tasa ya narke cikin tasu, ko ya keɓe da danginsa kaɗai, ko kuwa ya rasa duka biyu. Bincike ya nuna mai bin hanya ta farko ya fi samun kwanciyar rai, na ƙarshen kuwa shi ya fi shan wuya.

Masana sun shirya ma'auni iri iri. A Amurka, cikin 1987, an fito da wani mai tambaya 24, wanda ya shafi harshe, da wariya, da saɓani tsakanin iyali. Ita kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana da nata mai tambaya 20, wanda amsarsa i ko a'a ce: ko mutum yana yawan ciwon kai, ko barci yana ƙaurace masa, ko yana saurin firgita, ko abinci ya fita ransa cikin kwana 30 da suka wuce. Cikin 2019 hukumar ta ƙiyasta cewa wajen mutum ɗaya cikin biyar na mazauna wuraren yaƙi yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa ko ta damuwa.

To, amma ma'aunin da aka yanka wa ɗalibai baƙi a Amurka ba lalle ne ya dace da Bolori ba. A nan, nauyin yana wajen manomin da ya saba cika rumbu, yau ga shi yana awon hatsi mudu mudu. Da masuncin Tafkin Chadi da ya koma dako. Da dattijuwar da ta sauko daga duwatsun Gwoza, ba ta iya ciniki da Hausa ko Barbarci sai jikanta ya yi mata tafinta. Bugu da ƙari, dole mai awo ya rarrabe tabon abin da mutum ya gani lokacin gudu da ƙuncin zaman da yake ciki yanzu, gama maganinsu ba ɗaya ba ne.

Asibitin Tarayya na masu larurar ƙwaƙwalwa yana kan hanyar Baga ɗin nan, amma mutane da dama suna jin kunyar zuwa. Sukan ce dai kai ke ciwo, ko tunani ya yi yawa, a ba su ƙwaya su koma gida. In ba a yi tambayar da harshensu ba, da kalmomin da su kansu suke faɗi, lalle awon zai fito babu komai alhali kuwa cutar tana nan.

Tun shekarar 2021 Gwamnatin Jihar Barno ta shiga rufe sansanonin Maiduguri, waɗansu suka koma garuruwansu, waɗansu suka ƙara cika unguwanni. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma wanda ya shekara goma ya zama ɗan gida, kuma wajibi ne hukuma ta san nauyin da yake ɗauke da shi kafin ta yanke shawara a kansa.