Idan banki ya riƙe kuɗinka, kada ka yi saurin fushi

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, taransifa ta samu gindin zama a kasuwannin Getso da Gwarzo da Garo. Mai shayi na karɓa, dillalin awaki ma haka. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, duk kuɗin da ka tura, akwai kwamfuta a banki da ke lura da kai.

Halinka take haddacewa: wayar da ka saba amfani da ita, lokacin da kake hulɗa, yawan kuɗin da kake fitarwa, da mutanen da kake tura wa. A ce manomi ne a Kutama, bai taɓa tura fiye da kuɗin buhun taki ba. Sai ga shi ƙarfe biyun dare, daga wata sabuwar waya, ana neman kwashe asusun kaf zuwa wani suna da bai taɓa hulɗa da shi ba. Nan na'urar za ta iya tsayar da kuɗin ko ta nemi ƙarin shaida, kamar mai gadin unguwa da ya ji takun da bai sani ba. Wani lokaci mai gaskiya take tarewa, ya ɓata yini a layin banki. Da ɓacin rai, amma ya fi a wayi gari asusu babu komai.

Sai dai mu da kanmu muke rufe mata ido. Wani ya kira ya ce daga banki yake, BVN ɗinka ta samu matsala, ka karanto masa lambobin da suka shigo yanzu. Kana karantawa, na'ura ta ɗauka kai ne. Wani kuma ya miƙa wa mai POS kati, ya faɗi lambar sirri da ƙarfi, mutane na tsaye.

Mafi muni shi ne aron asusu. "Za a turo mini kuɗi, ba ni lambarka, zan ba ka na goro." Idan kuɗin damfara ne, sunanka za a gani. BVN, wadda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014, ta ɗaure duk asusunka wuri guda, kuma tun 2017 akwai kundin da ake shigar da masu hannu a zamba. Wanda ya ara ya ɓace, kai za a nema.

'Yan kasuwa, kada ku saki kaya don hoton alat da aka nuna muku. Ku duba ragowar kuɗinku tukuna. Wanda layinsa ya ɗauke haka kawai alhali na maƙwabta na aiki, ya yi zargin an yi masa walkam-bak, wato wani ya karɓe layin a sabon sim, ya hanzarta rufe asusunsa. Yawancin bankuna na da lambar rufe asusu daga kowace waya. Ku tambayi ta bankinku yau, ku rubuta ta a takarda, ku koya wa iyaye da matan gida.